Yadda Ɗan Haya Zai Kare Haƙƙinsa Bayan Gobarar Daji a Kalifoniya

Gobarar da ta tashi a yankin Los Angeles ranar 7 ga Janairun 2025 ta laƙume gine-gine sama da 16,000, galibi a Altadena da Pacific Palisades, kuma tun toka ba ta huce ba wasu masu gidaje suka tsauwala kuɗin haya, ganin masu neman matsuguni sun yi wa gidajen da suka rage yawa.

Idan gidan da kake haya ya ƙone ƙurmus, yarjejeniyarku ta ƙare a dokar jihar, kuma ba a bin ka kuɗin watannin da suka rage. Ka rubuta wa maigidan takarda mai ɗauke da sabon adireshinka, ka nemi kuɗin ajiyar da ka bayar lokacin shiga, domin kwana 21 doka ta ba shi ya mayar. In ya yi kunnen uwar shegu, ƙaramar kotu tana sauraren ƙarar da ba ta wuce dala 12,500 ba, ba tare da lauya ba.

Rigima ta fi tsanani a gidan da wuta ta tsallake amma hayaƙi ya shiga. Kafin ka ɗauki tsintsiya, ka ɗauki hoton tokar da ta kwanta a bakin taga da baƙin da ya rine labule, saboda da zarar ka share, hujjarka ta tafi kwandon shara. Mayar da ginin yadda za a iya zama a cikinsa nauyin maigida ne. Kayanka kuwa sai inshorarka, in kana da ita. A ganina, babban kuskure shi ne mutum ya daina biyan haya don fushi kafin ya nemi shawarar masanin doka, domin da haka yake miƙa wa maigida dalilin korarsa.

Wajen neman sabon gida, sashe na 396 na dokar laifuffukan jihar ya haramta ƙarin kuɗin haya da ya wuce kashi 10 cikin 100 muddin kariyar dokar ta-ɓacin da aka kafa saboda gobarar tana aiki, ko da dillali ya ce wani ya taya fiye da haka. Ka binciko tsohon tallan gidan a intanet, ka adana hotonsa, ka kai ƙorafi ofishin babban lauyan jihar. Hukuncin wanda ya karya wannan doka yana iya kai ɗaurin shekara ɗaya ko tarar dala 10,000. Ka kuma yi rajista da FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta gwamnatin tarayyar Amurka, kafin wa'adi ya cika, domin ɗan haya ma yana da haƙƙin neman tallafin matsuguni.