Kafin ka biya kuɗin kyamara ta hannu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani ƙanena daga Ringim ya tambaye ni wace kyamara zai saya don bukukuwa da hawan sallah. Na ce masa Nikon D3300 ko Canon 600D na hannu sun isa mai farawa, in dai an duba da kyau.

Fara da idon kyamarar. Cire shi, haska fitilar waya ta baya, ka leƙa. In ka ga wani farin zare-zare kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, wannan fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Sannan ka ɗauki hoton farin bango, ka zuƙo shi: ɗige-ɗigen baƙi na nufin ƙura ta shiga ciki, kuma mu nan hunturu ba ya wasa. Tambayi adadin hotunan da ta ɗauka. Ƙananan irin waɗannan an gina su ne don ɗaukar hoto kusan 100,000.

Batir kuwa, sayi biyu, don wutarmu ba ta da tabbas.

Gyaran hoto, manhajar Snapseed kyauta ce a waya. Amma don Allah kada ku riƙa wanke fuskar amarya har ta koma fara fat.