Yadda Za Ka Nemi Bayani Daga Hukumar Kula da Nukiliya ta Najeriya

Najeriya ba ta da tashar lantarki ta nukiliya, amma tana da abubuwan da ke fitar da tururin radiyeshin: na'urorin ɗaukar hoton ƙashi a asibitoci, kayan awon rijiyoyin mai, da ƙaramin injin binciken nukiliya mai suna NIRR-1 da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004. Hukumar Kula da Nukiliya ta Najeriya (NNRA), wadda ta fara aiki a 2001, ita ke ba su lasisi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuwa ta ba ka damar tambayarta.

Da farko, tsayar da abin da kake so. Nan ne akasari ake yin tuntuɓe. Idan ka rubuta "ina son bayani kan nukiliya", ka ba su ƙofar zillewa. Ambaci takarda: shin asibiti kaza yana da lasisin ɗakin hoto, yaushe aka duba shi na ƙarshe, me rahoton ya ce? Nemi kwafi, kada ka nemi ra'ayi.

Sai ka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar a Abuja, ka ambaci dokar. Ba sai ka faɗi dalilinka ba. Wanda bai iya rubutu ba, wani na iya nema a madadinsa.

Kai kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya. Kada ka fita babu shi, domin daga ranar ake fara ƙirga: kwana 7 suke da shi su ba ka amsa, za su iya ƙara wasu 7. Kuɗin kwafi kawai za ka biya.

In sun hana, dole su rubuto dalili. Shiru ma hanawa ne a idon doka, kuma kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Sai dai ka sani ba za a faɗa maka yadda ake gadin sinadarai masu haɗari ba, kuma hakan daidai ne.

Abin da ka samu, kai shi masallaci, ƙungiyar unguwa da gidan rediyo. Kada a manta da 'yan gwangwan: a birnin Goiyaniya na Brazil, a 1987, masu tsintar ƙarfe ne suka fasa tsohuwar na'urar asibiti mai sinadarin siziyom da ke fitar da tururin radiyeshin, mutum 4 suka rasu.