Kwanakin da Ba a Ganin Tudu: Kurakuran da Aka Fi Yi a Doguwar Tafiyar Teku da Yadda Ake Gyara Su

Jirgin ruwa Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda ya fara aiki a shekarar 2004, yakan tashi daga Southampton a Ingila ya nufi New York a Amurka, ya yi dare bakwai a kan Tekun Atlantika ba tare da ya yada zango a ko'ina ba. Tafiya ce ta sama da kilomita 5,000, kuma daga lokacin da gaɓar Ingila ta ɓace wa ido, babu abin da matafiyi zai ƙara gani sai ruwa da sararin sama. Haka abin yake ga jiragen shaƙatawa da ke sauya wurin aiki sau biyu a shekara, waɗanda ke barin yankin Karebiya su koma Bahar Rum a watannin Maris da Afrilu, su juyo a Oktoba da Nuwamba, sau da yawa su shafe kwana shida ko fiye a jere kafin su tsaya a tsibiran Azores ko Madeira ko Canary. Waɗannan ranaku su ne ke raba matafiya gida biyu: masu sauka suna cewa ba su taɓa hutawa haka ba, da masu rantsuwar ba za su ƙara ba. A ganina, abin da ya raba su ba yawan abubuwan nishaɗin da ke cikin jirgin ba ne. Bambancin yana wajen yadda kowannensu ya tsara yininsa.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar waɗannan ranaku a matsayin zaman jira, kamar wanda ke zaune a tasha yana jiran mota ta cika. Mai wannan tunani ba ya yi wa ranar shiri, yakan farka lokacin da ya ga dama, ya ci abinci, ya koma ya kwanta, ya tashi bai san ko Talata ce ko Laraba ba. Kwana biyun farko abin yakan yi daɗi, domin jiki yana biyan bashin barci, amma daga rana ta uku gundura takan sauko, mutum ya fara ƙirga kwanakin da suka rage. A gida, aiki da kasuwa da kai yara makaranta su ne ke yanka yini gunduwa-gunduwa, to a teku duk an ɗauke su, kuma yinin da ba shi da gaɓoɓi tsawo yake yi. Gyaran ba shi da wuya: mutum ya kafa wa kansa abubuwa uku ko huɗu da ba sa motsi, ya bar sauran lokacin a sake. Misali, ya tashi a lokaci guda kullum, ya yi tattaki da safe, ya tsaya ya saurari jawabin da kyaftin ke yi da tsakar rana inda yake faɗin inda jirgi ya kai da nisan da ya ci da yanayin teku, sannan ya ci abincin dare a lokaci ɗaya. A Queen Mary 2 akwai baranda da ta zagaye jirgin gaba ɗaya a hawa na bakwai, zagaye uku a kanta ya kusa kilomita biyu, kuma akwai shan shayi da ƙarfe uku da rabi na yamma wanda mutane da yawa ke ɗaure yammacinsu da shi.

Musulmi yana da sa'a a nan, domin salloli biyar sun riga sun yi masa wannan aiki, sai dai akwai kuskuren da ya keɓance shi. Da yawa sukan dogara da jadawalin salla da alƙiblar da wayarsu ta nuna a garin da suka baro, alhali jirgi yana tafiya dare da rana, lokutan salla suna sauyawa kullum, alƙibla ma haka. A kudancin Ingila alƙibla tana gabas maso kudu, amma a New York tana gabas maso arewa, wato tana juyawa sannu a hankali a tsawon tafiyar. Kamfas ɗin waya kuma ba abin dogaro ba ne a cikin jirgin da aka ƙera da ƙarfe tun daga ƙasa har sama. Abin da ya fi shi ne a duba tashar talabijin ta ɗaki wadda ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, a kuma duba lokacin fitowar rana da faɗuwarta da ake bugawa a takardar shirin kowace rana, a yi lissafi daga nan. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuwa, gara mutum ya tambayi malaminsa tun kafin ya bar gida, kamar yadda ya kamata ya sanar da kamfanin jirgi buƙatarsa ta abinci tun lokacin sayen tikiti, ba sai ya zauna a teburi ba.

Akwai kuma kishiyar kuskuren farko, kuma shi ma yana gajiyar da mutum. Kowane dare ana saka takardar shirin gobe a ƙofar ɗaki, cike da laccoci da gasar kacici-kacici da darussan rawa da zane da wasan kati da kiɗe-kiɗe da fina-finai. Wani da ya ga wannan sai ya ce tunda ya biya kuɗi, ba abin da zai wuce shi, ya wuni yana gudu daga wannan zaure zuwa wancan a jirgin da tsawonsa ya kai mita 345, ya kai dare a gajiye bai riƙe komai ba. Abin da ya dace shi ne a ɗauki biro tun da dare a yi wa abu biyu alama, ɗaya da safe ɗaya da yamma, a kuma fifita abin da ke ci gaba daga rana zuwa rana, kamar jerin laccocin masani ɗaya ko darasin da ake ɗorawa a kan na jiya. Irin wannan ne ke sa ranaku su haɗu su zama tafiya ɗaya, kuma a nan ake sake haɗuwa da fuskoki iri ɗaya har gaisuwa ta zama hira. Abubuwan da ke da ƙarancin kujeru suna buƙatar a nemi gurbi da wuri, wanda ya bari sai ranar ƙarshe yakan tarar an cike.

A cikin takardar nan kuma ya kamata a buɗe ido. A jirage da yawa, wani ɓangare na abin da aka jera a matsayin nishaɗi talla ne aka yi masa ado: bayani kan kula da fata da ke ƙarewa da tallar mayuka, ko gwanjon zane-zane, ko baje kolin agoguna da sarƙoƙi. Shaguna da gidan caca sukan buɗe ne idan jirgi ya fita teku, don haka ranakun da ba a tsayawa su ne ranakun kasuwarsu. Tunda ba a taɓa tsabar kuɗi a cikin jirgi, katin ɗaki kawai ake miƙawa a rubuta, mutumin da gundura ta kama yana iya kashe abin da bai yi niyya ba, sai ranar sauka ya ga lissafi ya riƙe baki. Maganin shi ne ya yanke wa kansa iyaka tun farko, ya riƙa duba lissafinsa kowane dare a talabijin ɗin ɗaki ko a manhajar jirgin.

Batun intanet ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne mutanen wannan zamani suka fi shan mamaki. Gaskiya ne jirage da yawa yanzu suna amfani da Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan adam, kuma sadarwa ta inganta ƙwarai, amma galibi sayen ta ake yi daban, kuma ƙaramin tsari ba lallai ya ɗauki kallon bidiyo ba. Wanda ya shiga jirgi da nufin zai wuni a YouTube kamar yadda ya saba, zai iya samun kansa yana kallon allo yana juyawa. Mafi muni shi ne barin layin waya a buɗe, domin waya takan kama hanyar sadarwar jirgi da ke bi ta tauraron ɗan adam, wadda kuɗinta ya ninka na tudu nesa ba kusa ba. A sa waya a yanayin jirgin sama tun daga tashi, a kunna Wi-Fi kaɗai. Littattafai da karatuttuka da fina-finai da duk abin saurare kuma a sauke su tun a gida, su ne guzurin wannan tafiya. Ni dai na fi ganin amfanin mutum ya zo da aiki guda mai tsawo wanda ya daɗe yana ɗagawa, ko babban littafin da ya kasa gamawa, ko haddar da yake son ya gyara, ko tarihin gidansu da yake son ya rubuta, ko saƙa, domin samun mako guda babu mai ƙwanƙwasa ƙofa abu ne da ba ya zuwa sau biyu a shekara. Wanda ya manta bai zo da komai ba, laburaren Queen Mary 2 yana da littattafai sama da 8,000, kuma kujerunsa suna kallon gaban jirgi.

Duk wannan shiri yana rushewa idan jiri da tashin zuciya suka kama mutum, kuma kuskuren da ake yi shi ne jira sai abin ya fara sannan a nemi magani, a kuma shige ɗaki a rufe ƙofa a ɗauki waya. Abin da ke kawo shi saɓani ne tsakanin ido da kunnen ciki: kunne yana jin jirgi na tangaɗi, ido kuma yana ganin bango a tsaye cak. Shi ya sa karatu ko kallon allo a rufaffen ɗaki ke ƙara tsananta shi, fita iska a kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa kuma ke sauƙaƙa shi. Tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa ya fi ko'ina kwanciya, gaba da can sama sun fi ko'ina rawa, don haka wanda ya san kansa ya yi la'akari da wannan tun wajen zaɓen ɗaki. Magungunan jiri sun fi aiki idan an sha su kafin teku ta tashi, amma da yawansu suna sa barci, kuma mai wata lalura ko mai juna biyu ya tuntuɓi likita tukuna. Citta tana taimaka wa wasu, haka ma cin abu kaɗan mara maiƙo a maimakon zama da yunwa.

Abinci kansa tarko ne. Ana samunsa kusan kowane lokaci ba tare da ƙarin kuɗi ba, sai cin abinci ya zama abin kashe lokaci, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne: ciki ya yi nauyi, barcin rana ya yi tsawo, na dare ya gagara. A tsaya a kan lokutan ci da aka saba, a riƙa hawa matakala a bar lif.

Sai agogo. Tsakanin Ingila da New York akwai bambancin awa biyar, kuma jirgi yana raba shi awa ɗaya-ɗaya a kwana biyar. Mai tafiya yamma yana samun yini mai awa 25, mai dawowa gabas kuma nasa awa 23 ne, kuma wannan na biyun ne ke cin mutum a hankali idan ya ci gaba da raba dare yana hira. Waya ba koyaushe take bin lokacin jirgi ba, saboda haka a gyara ta da hannu duk lokacin da aka sanar, in ba haka ba mutum ya isa zauren lacca ya tarar ana watsewa.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya ƙetare teku sukutum bai kalle ta ba. Wasu sukan leƙa sau ɗaya su ce ruwa ne kawai, su koma ciki, wasu kuma sanyi ne ke korar su domin sun zo da kayan zafi kaɗai, alhali Arewacin Atlantika yana da iska mai ratsa ƙashi ko a tsakiyar bazarar Turai. A zo da rigar sanyi mai tare iska da hula, a fita da sassafe lokacin da barandar ba kowa sai ma'aikata suna wanke daɓe. Daga tsayin mita 30 ido yana kaiwa kimanin kilomita 20 ta kowace fuska, kuma launin ruwan ba ya zama ɗaya daga safe zuwa yamma. Wanda ya yi haƙuri yakan ga ayarin dolfin suna tsalle a gefen jirgi, ko tsuntsayen teku suna shawagi dab da igiyar ruwa a inda babu tudu ko kusa. A kusa da tsibirin Newfoundland a gabashin Kanada, inda ruwan sanyi da ke gangarowa daga yankin Labrador ke haɗuwa da ruwan ɗumi da ke tasowa daga Tekun Meziko, hazo yakan rufe ko'ina har jirgi ya riƙa busa ƙaho duk bayan minti biyu, kuma a wannan yanki ne jirgin Titanic ya nutse a watan Afrilun 1912. Tsayawa a wurin da safe, ana jin ƙahon yana ɓacewa cikin hazo, abu ne da babu zauren nishaɗin da zai ba mutum irinsa.

Kaɗaici ma zaɓi ne da ake yi ba a sani ba. Baƙon da ke jin Turancinsa bai kai ba, ko yake ganin ba irinsa a jirgin, yakan nemi teburi shi kaɗai ya kuma guje wa daren da ake caɓa ado. Gara ya nemi a haɗa shi teburi da wasu, ko da na dare biyu ne, ya kuma shiga wata ƙungiya a gasar kacici-kacici, inda kullum ake neman wanda ya san abin da sauran ba su sani ba. A daren ado kuma ana karɓar cikakkiyar shigar gargajiya, don haka babbar riga da hula, ko leshi da ɗaurin kallabi, sun wadatar, kuma sau da yawa su ne ke buɗe hirar da za ta kai har ƙarshen tafiya.

A daren ƙarshe ana buƙatar a fitar da akwatuna ƙofar ɗaki kafin a kwanta, don haka a haɗa kaya tun da rana, a ware tufafin da za a sa gobe da fasfo da magunguna a ƙaramar jaka. Sannan a kwanta da wuri, domin jirgin da ke shiga New York yakan ratsa ƙarƙashin gadar Verrazzano tun da asuba, bututun hayaƙinsa ya wuce da tazarar 'yan mitoci kaɗan, kafin fitilun Manhattan da Mutum-mutumin 'Yanci su bayyana a gaba. Masu son gani sukan hau can saman jirgi tun duhu bai washe ba, da rigunan sanyinsu da kofin shayi a hannu.