Yadda Ake Gina Sitak a Manhaja da Inda Yake Ba da Matsala

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake lodin albasa a Sakkwato ya ga sitak da idonsa. 'Yan dako na jibga buhu kan buhu, in an tashi kwashewa kuma buhun da aka ɗora ƙarshe shi ake fara saukewa. Mai son na ƙasa sai ya jira a ɗauke na samansa. Haka sitak, wato wani tsarin ajiye bayanai ɗaya kan ɗaya, yake a kwamfuta: ƙofarsa ɗaya ce, ta sama.

Ayyukansa uku ne. Push ɗorawa ce, pop saukewa, peek kuma leƙa na sama ba tare da an ɗauke shi ba. Ko abu goma ke ciki ko miliyan, aikin bai ƙaruwa, tunda na sama kaɗai ake taɓawa.

In za ka gina shi da hannunka a harshen rubuta manhaja irin su C ko Java, ware jeri mai gurbi 5, lambobinsu 0 zuwa 4, sannan ka ajiye wata lamba mai suna top, ka ba ta -1, alamar babu komai. Wajen ɗorawa, fara duba ko top ta kai 4. In ta kai, wuri ya cika. In da sauran wuri, ƙara mata 1 tukuna, sannan ka rubuta a gurbin. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wanda ya rubuta kafin ya ƙara, ya rubuta a gurbin -1 ke nan. Java za ta tsaya ta yi ƙorafi nan take, C kuwa ba ruwanta, sai ta taka ma'adanar da ba tata ba, ɓarnar ta fito can wani wuri daban. Wajen saukewa a juya tsarin: duba ko top na -1, in haka ne babu abin saukewa, in ba haka ba karanta abin da ke gurbin, sannan ka rage mata 1. Abin da aka sauke ba a goge shi ba, yana nan zaune har wani ya hau kansa.

A harshen Python jeri na yau da kullum ya isa: append ta ɗora, pop ta sauke. Saukewa daga jerin da babu komai na jawo ƙorafin kuskure mai suna IndexError. Kada ka mai da farkon jeri ya zama sama, domin pop(0), wato saukewa daga farko, sai ta matsar da duk sauran gurbi ɗaya-ɗaya.

Gwajin da ya fi nuna amfaninsa shi ne tantance baka, wato duba ko alamomi irin su ( ) da [ ] sun dace da juna a rubutu. Bi rubutu harafi-harafi. Ka ga baka mai buɗewa, ɗora ta. Ka ga mai rufewa, sauke ta sama ka gwada ko jinsinsu ɗaya. Ɗauki ( [ ) ] misali: an ɗora (, an ɗora [, sai ga ), amma abin da ke sama [ ne, rubutun ya faɗi. Akwai dubawa biyu da ake yawan mantawa. Mai rufewa na iya zuwa alhali sitak wayam yake, nan ma rubutun ya faɗi. Sannan bayan an kai ƙarshe dole a tarar da shi wayam, in ba haka ba (( za ta wuce lami lafiya.

Ita ma kwamfutar da sitak take riƙe lissafin wane aiki (wato ɓangaren manhaja da ake kira ya yi wani abu) ya kira wane. Kowane kira na ɗora inda za a koma da ƙananan bayanansa, in aikin ya ƙare a sauke. Aikin da ke kiran kansa ba tare da sharaɗin tsayawa ba sai ya yi ta ɗorawa. Python na taka masa birki a wajen kira 1000 da ƙorafin RecursionError, a C kan kwamfuta mai tsarin Linux kuwa yawanci megabait 8 aka ware wa sitak, in ya cika manhajar ta mutu. Kafin ka ɗaga wannan iyaka, koma ka duba sharaɗin tsayawar, galibi can laifin yake.