Yadda za ka gane inda Turkiyya ta dosa ba tare da bidiyon WhatsApp ya ruɗe ka ba

Duk lokacin da aka taɓo maganar Turkiyya a guruf-guruf ɗinmu sai ka ga an rabu gida biyu, wasu sun ce Erdogan shi ne garkuwar Musulmin duniya, wasu sun ce ai duk baki ne kawai. Abin da ke damuna shi ne kusan dukkansu da guntun bidiyo na minti ɗaya suke kafa hujja, alhali ƙasar nan yanzu tana sayar wa sojojinmu makamai, tana ɗaukar yaranmu karatu, kamfanoninta na karɓar kwangila a Yamai, to ai ya kamata mu iya karanta ta da kanmu. Ga yadda nake ganin mutum zai bi.

Fara da buɗe taswira, da gaske nake, buɗe ta a wayarka. Za ka ga Turkiyya ta haɗa iyaka da Siriya da Iraƙi da Iran ta kudu da gabas, Girka da Bulgeriya ta yamma, ga Rasha da Yukren a tsallaken Bahar Aswad, kuma duk jirgin ruwan da zai fito daga wannan teku zuwa Bahar Rum sai ya bi ta tsakiyar Istanbul. Yarjejeniyar Montreux ta 1936 ce ta ba ta ikon kula da wannan mashigi. Ƙasar da Allah ya ajiye a irin wannan wuri ba ta da damar ta ɓata da kowa har abada, kuma manyan ƙasashe ba su da damar su yi watsi da ita. Sai ka riƙe tarihi kaɗan: jamhuriya ta kafu a 1923 bayan rushewar daular Usmaniyya ta Turkawa, ta shiga NATO a 1952, ta nemi shiga ƙungiyar Turai a 1987, aka fara tattaunawa a 2005 kuma har yau ba ta shiga ba. Shekara da shekaru fuskarta na kallon yamma ne.

Daga nan kada ka ɗauki mulkin Erdogan a matsayin abu guda. Jam'iyyarsa AKP ta ci zaɓe a ƙarshen 2002, ya zama firaminista a 2003, shugaban ƙasa a 2014, kuma a tsawon wannan lokaci siyasar wajen ta sauya kala aƙalla sau uku. Akwai zamanin Ahmet Davutoglu, wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 2009 zuwa 2014, da takensa na cewa kada a samu matsala da kowane maƙwabci, lokacin har Erdogan da Bashar al-Assad abokai ne suna ziyartar juna da iyalansu. Sai guguwar sauyi ta ƙasashen Larabawa ta zo a 2011, Turkiyya ta ɗauki ɓangare, ta goyi bayan 'yan adawar Siriya da Mursi a Masar, kafin a ce me ta ɓata da Dimashƙ da Alƙahira da Riyad da Abu Dhabi. Bayan yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yulin 2016 kuma sai ƙarfin soja ya fito fili, dakaru a arewacin Siriya, taimakon gwamnatin Tarabulus a Libiya a 2020, tallafa wa Azarbaijan a yaƙin Karabak duk a shekarar. Sannan daga 2021 aka shiga zamanin gyara zumunci. Saboda haka in an turo maka bidiyo abu na farko ka duba shekararsa, don jawabin 2013 ba ya gaya maka matsayin gwamnati na yau.

Yanzu ga inda na fi so ka daɗe. Duk lokacin da ka ga Ankara ta yi juyi, je ka duba halin da kuɗinta ke ciki a wannan watan. A farkon 2013 dala ɗaya ba ta fi lira biyu ba, a farkon 2024 ta haura lira 30, kuma a Oktoban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin ɗari a alƙaluman gwamnati. To ka jera wannan kusa da abubuwan da suka faru. An kashe ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul ranar 2 ga Oktoban 2018, Turkiyya ce ta fi kowa ɗaga murya, ita ta dinga sakin bayanai ɗaya bayan ɗaya har duniya ta ɗauka. A Afrilun 2022 kotun Turkiyya ta miƙa shari'ar ga Saudiyya, a watan Erdogan ya tafi Jidda, a Yuni Yarima Muhammad bin Salman ya zo Ankara, a Maris na 2023 Saudiyya ta ajiye dala biliyan 5 a babban bankin Turkiyya, a Yulin shekarar aka sa hannu kan cinikin jirage marasa matuƙa na kamfanin Baykar. Haka da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda a da Ankara ke zargi da ƙulla mata makirci, a Nuwamban 2021 ta sanar da asusun zuba jari na dala biliyan 10. Haka da Masar, Erdogan da ya shafe shekaru yana ɗaga yatsu huɗu don tunawa da magoya bayan Mursi da aka kashe a dandalin Rabi'a na Alƙahira shi ne ya gaisa da shugaban Masar Sisi a Doha wajen buɗe gasar cin kofin duniya ta 2022, ya je Alƙahira a Fabrairun 2024, Sisi ya rama ziyara a Satumba. Ban kawo wannan don in ce laifi ne ba, shugaba da ya ga jama'arsa na kuka da tsadar burodi dole ya nemi mafita, amma wanda ya san wannan jerin ba zai yi mamaki ba gobe in ya ga an sake wani juyin.

Batun Falasɗinu ma haka za ka auna shi, kuma na san nan ne zuciyarmu ta fi karkata. Kowa ya ga bidiyon taron tattalin arziki na Davos na Janairun 2009 inda Erdogan ya fuskanci shugaban Isra'ila na lokacin Shimon Peres ya tashi ya bar zauren, kuma a Mayun 2010 sojojin Isra'ila sun kashe 'yan Turkiyya tara a jirgin agajin Mavi Marmara, na goma ya rasu daga baya. Wannan gaskiya ne kuma ya taɓa mu. Amma ciniki tsakanin ƙasashen biyu bai tsaya ba a duk shekarun nan, ya kai kusan dala biliyan 7 a 2023, shugaban Isra'ila Herzog ya samu tarba a Ankara a Maris na 2022, kuma sai a Mayun 2024, wata bakwai da fara yaƙin Gaza, aka sanar da dakatar da cinikin, bayan AKP ta sha kaye a zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshen Maris inda wata jam'iyyar masu kishin Musulunci ta yi ta sukar ta a kan wannan batu. Ka ga ke nan matsin lamba daga masu zaɓe na cikin gida ma yana juya akalar siyasar waje, sai ka riƙa leƙa wannan ɓangaren.

Kada ka wahalar da kanka da tambayar wai Turkiyya tana bayan Amurka ne ko Rasha. Ta harbo jirgin yaƙin Rasha a Nuwamban 2015, a 2019 ta karɓi makaman kariya na S-400 daga Rashar, Amurka ta cire ta daga shirin ƙera jirgin yaƙin F-35. Ta sayar wa Yukren jirage marasa matuƙa amma ta ƙi saka wa Rasha takunkumi, kamfanin Rosatom na Rasha ne ma ke gina mata tashar nukiliya ta Akkuyu, kuma ita da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani aka yi yarjejeniyar fitar da hatsi a Yulin 2022. Ta riƙe shigar Suwidin NATO har Janairun 2024, tana amincewa Amurka ta buɗe hanyar sayar mata da jiragen yaƙin F-16. Irin cinikin ɗan kasuwar da ya san hajarsa ce kowa ke nema, ba ya sallamawa a tayin farko. Tambayar da za ka yi kullum ita ce a wannan karon me ta bayar, me ta karɓa.

Sai maganar suna da kima a idon duniya, wanda ba haka kawai yake samuwa ba, aiki ake yi masa da kasafin kuɗi. Koyi sanin hukumomin da sunansu. TIKA, wadda aka kafa a 1992, ita ke ayyukan raya ƙasa irin su rijiyoyi da asibitoci. Diyanet hukumar addini ce ta gwamnati, ita ke harkar masallatai da rabon naman layya. Maarif makarantu, Yunus Emre koyar da harshe da al'ada, Anadolu da TRT labarai, kuma tun 2023 akwai TRT Afrika da ke watsa shirye-shirye da Hausa. Ƙara da Turkish Airlines da finafinan tarihi masu dogon zango da ake fassara mana da Hausa, waɗanda suka sa yaro a Kano ko Maraɗi ya san sunayen sarakunan Turkawa. Ofisoshin jakadancinta a Afirka daga 12 a 2002 sun kai 44, ciniki da nahiyar daga dala biliyan 5.4 a 2003 ya kai wajen biliyan 40 a 2022. Mutanenmu na zango a Ghana kuma sun san babban masallacin ƙasa na Accra da aka buɗe a 2021 da tallafin wata gidauniyar Turkiyya. In kana sauraron TRT saurara, suna kawo labaran da wasu ba sa kawowa, sai dai ka tuna gidan gwamnati ne, labarin Kurdawa ko na kama magajin garin Istanbul Ekrem Imamoglu a Maris na 2025 sai ka haɗa da wata kafar kafin ka yanke hukunci, kamar yadda ya kamata ka yi wa kafafen Ingila da Faransa a kan abin da ya shafi ƙasashensu.

In kana son ka ga yadda tafiyar take daga farko zuwa ƙarshe, nazarci Somaliya. A Agustan 2011 ana tsakiyar yunwa Erdogan ya sauka Mogadishu da iyalinsa lokacin da shugabanni ke tsoron zuwa, Somaliyawa ba su manta ba kuma suna da gaskiya. Bayan agaji sai kamfanin Albayrak ya karɓi tafiyar da tashar jiragen ruwa, Favori ya karɓi filin jirgin sama, a 2017 aka buɗe sansanin horar da sojoji, a 2024 aka ƙulla yarjejeniyar tsaron teku da ta haƙar mai da gas. Agaji, kwangila, tsaro, ma'adinai. Ka riƙe wannan jerin ka auna ƙasarka a kai. A Nijar kamfanin Summa ne ya sabunta filin jirgin Diori Hamani ya gina otal ɗin Radisson Blu kafin taron Tarayyar Afirka na 2019, jirage marasa matuƙa samfurin Bayraktar TB2 sun iso a 2022, kuma a Yulin 2024 ministocin waje da tsaro da makamashi tare da shugaban hukumar leƙen asiri suka zo Yamai a tawaga ɗaya. Duk sanda ka ji tawaga ta zo, duba su wa ke cikinta, wannan ya fi sanarwar bayan taro faɗin gaskiyar abin da aka zo nema.

Game da jiragen nan marasa matuƙa akwai abin da bai kamata mu kau da kai ba. Sun fi na Amurka araha kuma ba a gindaya dogayen sharuɗɗa, shi ya sa Mali da Burkina Faso da Habasha suka ruga, Najeriya ma ta sayi jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin T129. Amma a Habasha da arewacin Mali an sha ba da rahoton hare-hare ta sama da suka faɗa kan fararen hula, mu kuma da muka san zafin irin wannan kuskuren ya kamata in an yi murnar sayen makami mu tambayi wa zai ba da umarnin harbi kuma wa zai amsa tambaya in an kashe bayin Allah.

Na ƙarshe ga iyaye da ɗalibai. Rikicin cikin gidan Turkiyya yana biyo ta har nan. Bayan 2016 Ankara ta ɗora laifin yunƙurin juyin mulkin kan mabiya malamin addini Fethullah Gulen, wanda ya rasu a Amurka a Oktoban 2024, ta nemi a rufe makarantun da ta ce nasu ne a ko'ina. Nijar ta miƙa su ga Maarif, Najeriya ba ta rufe ba, makarantun Turkawa na NTIC suka sauya suna suka ci gaba da aiki. Saboda haka kafin ka biya kuɗin makaranta ko ka tura yaro karatu, tambayi wace hukuma ce ke da wurin kuma wa ya amince da takardar shaidarta. Tallafin karatu na gwamnati, Türkiye Bursları, ta shafinsu na intanet ake cikewa kyauta a farkon shekara, duk ejan da ya ce ka ba shi kuɗi zai samo maka gurbi a cikinsa ka rabu da shi, in kuma jami'a mai zaman kanta ce ka sa a rubuta maka a takarda ko da dala za ka biya ko da lira, da yawan ƙarin da za a iya yi maka a shekara ta biyu.