Yadda za ka sa sunanka cikin masu karɓar tallafin ambaliya

Duk daminar da kogin Haɗeja ya tumbatsa, manoman Auyo da Miga da Kafin Hausa sukan tafka asarar shinkafa, amma in tallafi ya zo sai ya tsallake da yawansu. Galibi ko dai sunan mutum bai shiga takarda da wuri ba, ko kuma ya shiga a karkace.

Ka fara ɗaukar hoton gonar tun ruwa yana kwance a cikinta. Ka tsaya inda wata alama za ta fito, kamar bishiyar kan iyaka ko bakin rijiya, kuma ka shiga hoton da kanka. Da ruwa ya janye ciyawa ta taso, babu mai gane irin ɓarnar da aka yi.

Daga nan kada ka kwana biyu ba ka sanar da mai unguwa da malamin gona ba. Jerin sunaye daga ƙasa yake tasowa: mai unguwa, dagaci, ƙaramar hukuma, sannan hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA. Ita NEMA ta tarayya takan zo tantancewa ne a kan abin da aka miƙa mata. Ranar da jami'ai za su zagaya, ka je gonar da ƙafarka, kada ka aiki yaro.

To, ga inda na fi ganin mutane suna faɗuwa. A gari kowa Garba yake kiransa, a katin NIN kuma Abubakar ne, a banki an rubuta sunan kaka a madadin na uba. Mai rubutu ya tambaye shi suna, ya ce Garba, shi ke nan kwamfuta ta watsar da shi. Ka riƙe takardar NIN a hannu, ka sa a kwafe sunan harafi da harafi, ka ce a karanto maka. In sunan da ke kan BVN ɗinka, wato lambar shaidarka ta banki, ya saɓa da shi, ka je banki tun yanzu, don gyaran yana cin lokaci. Asusun da ya daɗe ba a taɓa shi ba yakan kwanta, a farfaɗo da shi. Lambar waya ta zama taka, kuma ni ban yarda a ba da asusun ɗa ko maƙwabci ba, rigima ce kawai. Matar da ke da gayaunarta a rubuta ta da sunanta. Wanda ya karɓi aron gona ko haya, shi ya yi asara, sai dagaci ya shaida.

Ba a biyan ko sisi a shiga jerin nan, kuɗin hoton takarda kawai za ka kashe. Wanda ya kira yana neman lambar sirrin katinka na banki ɓarawo ne, haka ma saƙon WhatsApp mai cewa ka latsa ka cike fom.

Tallafin kansa ba kullum yake zuwa kuɗi ba. Yakan zo iri da taki da maganin feshi, wani lokaci injin ban ruwa. A 2024 gwamnatin tarayya ta ware wa kowace jiha naira biliyan 3 saboda ambaliya, jihohi kuma suka tsara rabonsu. Don haka ka riƙa leƙa sashen aikin gona na sakatariyar ƙaramar hukuma. In kana da inshorar NAIC, wato hukumar inshorar aikin gona ta tarayya, ita daban ce, ka kai musu rahoto nan take kafin ka sake taɓa gonar.