Kafin ka sake tura hoton da aka ƙi

'Yan'uwa masu ɗora hotuna a shafukan sayar da hotuna na Shutterstock da Adobe Stock, don an ƙi maka hoto ɗaya ko biyu kar ka tada hankalinka, kowa na shan wannan. Abin da ke jawo wa asusu gargaɗi, wani lokaci har rufewa, shi ne maida hoton ba gyara, ko zuba musu iri ɗaya guda ashirin.

Mu nan Sakkwato hazon hunturu ne ke cutarmu. Ƙura ta hau gilashin kyamara, hoto ya fito dushi-dushi, masu duba hotunan su ce bai fita ba. Goge gilashin, ka buɗe hoton a cikakken girmansa (100%) a kwamfuta kafin turawa, waya na ɓoye aibi. Kar girman hoton ya gaza megafiksil 4.

Hoton raƙumi a kasuwar dabbobi ta Kara kuwa, in fuskar mai shi ta fito, nemi takardar izininsa da sa hannu.